Rabin Kan da Goggo Hanne Ba Ta Gani

Jiya wasu 'yan mata uku suka yi sallama gidana, babbarsu ta ce, "Iya Asabe, hutu muke yi, mun zo ki koya mana kitso kafin a koma makaranta." Na ce hutun naku na kwana nawa ne? Ta ce sati uku. Na yi dariya har haƙorin nan nawa mai girgiɗi ya motsa. Sati uku! Ni shekara biyu na yi ina tsifa kawai, ba a ba ni kibiya na riƙe ba. Yau ga su sun dawo. To 'yan mata, tun da kun ce kitso tsaga ne da tufka kawai, ku gyara zama ku ji.

Wadda ta koya mini ita ce Goggo Hanne, ƙanwar babana, a nan Yako. Kayan aikinta huɗu ne: kibiyar tsaga ta ƙarfe da wani maƙeri a Bebeji ya ƙera mata, mataji na katako mai haƙori shida, ɗan kwanon man shanu, sai kujera 'yar tsugunno da ta lotsa daidai zamanta. Ba ta kwantar da kan mutum a cinya kamar yadda wasu ke yi. Zaune take kitso, ki ba ta baya, ƙeyarki a gabanta, ta kamo gashi daga can goshi ta jawo shi zuwa wajenta. Kullum daga nesa zuwa kusa. Ta kan ce mai kitso da ƙeya take hulɗa, fuska ta miji ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kan farko da na kitsa na wata maƙwabciyarmu ne, Lami, zane takwas. Tun hantsi nake kai har la'asar, na gama ina jiran yabo. Goggo ta zo ta ɗora yatsa a kan tsagar ta bi ta a hankali, ta ce, "Asabe, wannan tsaga ce ko hanyar Doguwa da damina?" Ta sa na tsefe shi tas. Lami ba ta ƙara gaishe ni ba sai da aka yi Sallah. A ranar na gane tsaga ita ce kitso. In tsaga ta karkace, ko da zinare kika tufke banza ne.

Kai kuma iri-iri ne. Akwai mai tauri kamar igiyar rama, akwai mai santsi irin na Fulanin da ke kawo mana man shanu ranar kasuwa, wanda in ba ki danne ba sai ya zame miki kamar kifi. Akwai mai gyangyaɗi, akwai mai ba ki labarin kowa a gari tana juya wuya. Duk Goggo ta san maganinsu: ƙwanƙwasa ɗaya da gindin mataji.

Shekarar da ta yi mana wuya ta fara ne a kan shukun Talatu mai ƙosai. Sale, ɗan Goggo da ke aikin masaƙa a Kano, ya ce tsakiyar shekarun tamanin ne, ni dai na san an gama cire gyaɗa. Da hantsi ne, Goggo ta kai kitso na biyar, sai kibiya ta faɗi daga hannunta. Ta dafe kai ta ce, "Wa ya buga min taɓarya a ƙeya?" Babu kowa a bayanta sai katanga. Nan take amai, wuya ya sandare, ta ce a rufe mata ido hasken rana na sokarta. Muka ce sanƙarau ne, ko da yake ba lokacinsa ba ne. Aka samo a-kori-kura aka kai ta babban asibiti a Kano. Can suka zuƙi ruwa a gadon bayanta suka ga jini a ciki, suka ce ba sanƙarau ba ne, wata jijiyar jini ce ta fashe a cikin kai. Ta fara samun sauƙi har tana neman fura, bayan kamar mako guda kuma ɓarin hagu ya saki. Wata biyu ta yi a can.

Ni na ƙarasa shukun Talatu, ni na riƙe kujerar. Rabin masu zuwa suka koma wajen wata mai kitso a Kiru, waɗanda suka rage kuma kowace ta zauna sai ta ce, "A hankali dai, ke ba Hanne ba ce." Kamar na ce musu ni ce.

Goggo ta dawo da bakinta garau, ba abin da ya taɓa shi, mu ne shaida. Hannun hagun ma ya dawo a hankali, da ɓarar gyaɗa ta farfaɗo da shi, buhu guda ta ɓare ita kaɗai. In ya shiga gashi sai ya tuna aikinsa da kansa. Muka ce alhamdulillahi an warke. Sai muka fara ganin abubuwa.

A kai mata tuwo, ta cinye ɓarin dama ƙat, kamar an yanka da wuƙa, ta ture kwano ta ce mun fara yi mata rowa. Wata rana tana waige na juya kwanon, ɓarin da ba ta taɓa ba ya koma dama. Ta duba ta ce, "Yauwa, Allah ya yi miki albarka, an ƙaro." Tun daga ranar juya kwano ya zama aikina. Kwalli a ido ɗaya take sawa. Ɗan kunne ɗaya. In kika gaishe ta ta hagu sai ta amsa wa turmin da ke dama. Kuma ba ki isa ki ce mata akwai abin da ba ta gani ba. Hancinta ma ya daina aiki, man shanu ya yi wari ta ce sabo ne fil, ni nake bi ina canjawa a ɓoye.

Kan farko da ta kitsa bayan dawowarta na matar liman ne. Mace mai kunya, ba ta ɗaga murya. Goggo ta tsaga tsakiya, tsagar nan miƙe kamar an ja zare, ta zuba zane shida a dama, irin wanda ko a mafarki ban iya ba. Sai ta daki kafaɗarta ta ce, "Tashi, kin fito."

Matar liman ta shafa hagu ta ji gashi tsaye kamar gammo ya warware. Ta ce, "Hanne, ɗaya ɓarin fa?"

Goggo ta ce, "Wane ɓari? Kai nawa gare ki?"

Na shige ɗaki na cusa zani a baki. Da na fito na ja matar liman bayan rumbu na ƙarasa mata.

Daga nan muka samo dabara. Na sa aka sassaƙa mini kujera, na riƙa zama a hagun Goggo. Tana kitsa dama ina kitsa hagu, kafaɗata na gogar tata, ba ta san ina wajen ba. Kan da ake wuni a kansa sai ya ƙare kafin azahar. Mata suka dawo daga Kiru, har da na Tudun Wada. Goggo ta kan kira ni da ƙarfi, "Asabe! Ina kika shiga ne?" Ni kuwa ga ni a jikinta. Sai na zagayo ta dama ina goge hannu, ta ce, "Kin ga tun da na dawo daga asibitin nan hannuna ya ƙara sauri? Ki zauna ki koya, kin fi son yawo." Ni da ko ƙofar gida ba na son leƙawa. Mai kan kuma tana ƙasa tana shaƙe dariya. Haka muka yi shekara bakwai. A nan na iya kitso na gaske, don dole nawa ya yi daidai da nata, in ba haka ba kai ya fito da fuska biyu.

A shekara ta bakwai tafiyarta ta fara canjawa, taku ƙanana kamar mai tsoron taka ƙaya, ga mantuwar abin da aka yi ɗazu, amma ta tuna wa ta yi wa kitson doka shekara talatin baya. Sale ya ce yanzu akwai injin da ke ɗaukar hoton cikin kai, sai an kai ta. Aka ce ni zan raka ta. Ni da mota ba ma shiri, tun daga Kwanar Ɗangora nake salati har muka isa.

Likitan ya ɗaga wasu baƙaƙen farantan hoto a gaban fitila, kan Goggo yanka-yanka kamar an fere kabewa. Ya yi wa Sale Turanci, na ce, "Likita, ni ce mai juya kwanon, ni za ka yi wa bayani." Ya yi dariya ya juyo. Ya ce tun asali jijiyar tana da wani ɗan ƙululu, kamar yadda tubun keke ke kumbura a inda ya yi laushi, ranar nan ya fashe. Jinin da ya malale ya sa jijiyoyin da ke kusa suka tsuke, shi ya sa bayan mako ɓarin jikinta ya saki, don wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa abinci ya mutu. Ya nuna mini da biro. Ɓari ɗaya cike, ɗayan kuwa ya motse, ga wani baƙin gurbi. Ya ce cikin shekarun nan wurin da ya mutu ya shanye, ruwa ya maye gurbinsa, ɗakunan ruwan da ke tsakiyar kai ma sun buɗe fiye da da, wataƙila shi ke taɓa tafiyar.

Na ce, "Wato kamar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, ɗaya ta yi, ɗaya ta shanye?"

Ya ce kusan haka. Na ce to ai dama ce ta shanye, ita kuwa hagu take bari. Ya ce haka Allah ya yi mu, ɓarin dama ke kula da hagu. Idonta lafiya lau, saƙo yana zuwa, mai karɓa ne ba ya gida. Na ce zai dawo? Ya ce abin da ya shanye ba ya tohowa, sai dai a koyi zama da shi.

Goggo ta ɗaga farantin ta duba ta ce, "Wannan kan ko tsaga babu, na wace ƙazama ce?"

Hoton nan shi ya tayar wa Sale da hankali. Ya ce mai rabin ƙwaƙwalwa ba za ta zauna tana riƙe ƙarfe mai tsini a kan mutane ba. Ya gyara mata ɗaki a gidansa a Kano, da fanka, ta je ta huta. Goggo ta ce ita da kujerarta sai dai a ɗauke su tare zuwa makwanci. Ya ce, "Inna, shekara bakwai Asabe ke ƙarasa miki." Ta ce, "Asabe? Asabe da ba ta zama?"

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga Dada, wata tsohuwar Bafulatana daga wajen Burumburum, da jikarta Shatu da za a kai gidan miji. Goggo ce ta yi wa uwar Shatu kitson aure, ita ta yi wa 'yan uwan uwar, Dada ta ce ba ta san wani hannu ba. Na ce madalla, na jawo kujerata. Dada ta sa sanda ta tare.

"A'a, 'yar nan. A gidanmu hannun da ya fara kan amarya shi ke gamawa. Mutum biyu a kan amarya, gida biyu za ta zauna. Ba a taɓa yi mana ba."

Na ja ta gefe na gaya mata komai, har da gyaɗar. Ta ce ita ba ta san gyaɗa ba, Hanne ta sani.

Sale yana zaure yana ji. Ya aiko a ce wa Inna ga magana ta zo da sauƙi: in ta gama kan nan ita kaɗai, zai koma Kano shi kaɗai, ba zai ƙara tayar da zancen ba. In ta bar rabi, jibi su tafi. Goggo ta ɗaga murya yadda zai ji, "Na yarda! Ka nemi wanda za ka sa a ɗakin fankarka. Ni na taɓa barin rabi?"

Washegari da hantsi aka zauna. An cire kujerata an kife ta a kan rumbu don kada shaiɗan ya ja ni. Gashin Shatu har gadon baya, baƙi wuluk. Goggo ta yi bisimilla, ta tsaga tsakiya, ta shiga dama. Ban taɓa ganin ta yi kitso irin na ranar ba. Ƙanana, goma sha biyu, kowanne ya taso daga goshi ya kwanta ya sauka ƙeya, jelar na lilo a baya. Ana kiran azahar ta ɗaure na ƙarshe, ta daki kafaɗar yarinya.

"Tashi, kin fito. A gaya wa na zaure."

Hagu kuwa yana nan tsaye kamar kan masara. Dada ta dube ni, na dubi ƙasa. Na ce, "Goggo, ko za ki ɗan duba ta nan?" Na kama haɓarta na karkata. Ta buge hannuna. "Na duba. Kitso ne ko karatu?" Dada ta ce, "Hanne, saura fa." Goggo ta ce, "Dada, tsufa ya fara taɓa miki ido." Ta tashi ta yi alwala abinta.

Babu wanda ya je zaure. Na ce a bari a ci abinci tukuna, don dai a ja lokaci. Bayan salla na kawo wa Goggo dambu, ta zauna a kujerarta ta cinye dama, ta fara mitar rowa. Hannuna da kansa ya juya kwanon, ban ma san na yi ba. Ta ce, "Yauwa, an ƙaro."

Shatu tana kan tabarma tana kallo. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta sake duban kwanon. Goggo na sunkuye tana wanke hannu, sai Shatu ta ja jiki ta dawo tsakanin gwiwoyinta, amma maimakon ta ba ta baya sai ta fuskance ta, ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa cinyar Goggo. Ɓarin da ba a kitsa ba ya koma dama.

Shekara bakwai ina juya kwano, ban taɓa tunanin juya mutum ba. Wa zai fuskanci Goggo Hanne a kan kujerarta?

Goggo ta ɗago ta ga gashi a tsefe. Ta saki salati.

"La'ilaha illallahu! Wace marar tsoron Allah ce ta tsefe min kitso? Daga tashi salla? Asabe!"

Na ce, "Wallahi Goggo ban taɓa kan nan ba." Ban taɓa yin rantsuwa mai daɗin wannan ba.

"Ƙarya kike, baƙin ciki kike yi da saurina. Miƙo min kibiya!"

Ta shiga kitso tana zage ni, ni da dangin uwata har kaka ta uku. Dada ta juya baya tana ɓoye dariya. Sai dai ku tuna abin da na ce ku riƙe: Goggo daga nesa take kamowa ta jawo wajenta. Yanzu abin da ke nesa ƙeya ce. Kitson ya riƙa tasowa daga ƙeya yana gangarowa goshi, jelar na sauka a kumatu. Na buɗe baki zan yi magana, Dada ta ɗora mini sanda a ƙafa.

Da la'asar ta ɗaure na goma sha biyu. Shatu ta miƙe. Dama ya tafi baya, hagu ya zubo gaba ya rufe mata kunci har ƙirji, tsagar tsakiya kuwa miƙe sambal. Maƙwabta sun cika tsakar gida tun da suka ji zagi. Ba mu san ko kyau ba ne ko abin kunya. Kowa na jiran Dada.

Dada ta zagaya yarinyar sau biyu. Ta ɗaga jelar gaba, ta ɗaga ta baya. Ta kwance bakin zaninta ta ciro wasu tsofaffin azurfa ta ɗaura a na gaban. Sannan ta ce, "Hannu ɗaya ne ya fara, shi ya gama. Rabi na kallon gidan ubanta, rabi na kallon inda za ta. Haka ya kamata amarya ta kasance." Talatu mai ƙosai ta rangaɗa guɗa, gida ya ɗauka.

Dada da kanta ta dogara sanda zuwa zaure. Muna jiyo Sale yana cewa, "Duka? Har hagun? Asabe ba ta sa hannu ba?" Ta ce, "Ɗan nan, da sandata a kan ƙafarta." Jibin ya hau motar Kano da buhun gyaɗa a kujerar da ya kama wa uwarsa.

Bayan bikin Shatu ba mu huta ba. Amare daga Burumburum, daga Doguwa, har 'yan matan Bebeji masu jin kansu, kowa irin na Shatu. Mu kan bari Goggo ta gama dama, a kawo mata ruwa ko goro, yarinya ta juyo, a sha zagi, a tashi da kitso. Shekara huɗu ta ƙara a kan kujerarta kafin Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinta na Yako. Ba ta taɓa yarda ita ta ƙirƙiro shi ba. Da aka kwatanta mata yadda yake cewa ta yi, "Rabi gaba rabi baya? Allah ya shirya 'yan zamani."

Kibiyar tana wajena, ita ce wannan da kuka gani a cikin gwangwani. Ranar da ta ba ni, ta riƙe hannuna ta ce, "Ungo. Hannunki ya fara kyau, da za ki riƙa zama. Amma Asabe, tsakaninki da Allah, me na yi miki kike tsefe min kitso?"